MINTI HAMSIN, KALMA 450: INDA TURANCI KE KAYAR DA ƊIYANMU



Yau ba maganar kujera na zo da ita ba. Maganar ƙannenmu ce da ke aji biyar da aji shida na sakandare, waɗanda za su zauna WAEC da NECO, da kuma takarda guda da ta fi kowace tsare su a bakin ƙofa, wato Turanci.

Bari in fara da kaina. Karon farko da na zauna jarrabawar nan D7 na samu a Turanci. Na ci sauran darussana, amma wannan D7 ɗin ta zaunar da ni gida shekara guda cur, abokaina suna makaranta ni ina jiran shago. Kuma wallahi ba don ban san abin da zan rubuta ba ne. Wasiƙa na zaɓa, na san me zan ce. Sai dai na ɓata kusan rubu'in awa ina karanta tambayoyi ina sakewa, na fara wata na soke, na koma wata. Ina tsakiyar shafi na biyu na ɗaga kai na ga awa ɗaya ta wuce. Sashen taƙaitawa kuwa jimla biyu na rubuta aka ce a ajiye biro. Da na zauna na yi lissafi daga baya, sai na gane cewa tun da na shiga sakandare ban taɓa rubuta insha'i cikakke da agogo a gabana ba sai ran nan. Ranar jarrabawa ita ce ranar gwajina na farko.

Abin da ya faru da ni shi ke faruwa da ɗiyanmu har gobe.

Ga yadda takardar take, don da yawa cikin iyaye, har da wasu ɗaliban, ba su san ta ba. Turancin WAEC kashi uku ne. Akwai tambayoyin zaɓi guda 80 cikin awa ɗaya. Akwai na furuci, tambaya 60 cikin minti 45. Sannan akwai babbar, takarda ta biyu, mai maki 100 cikin awa biyu: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. A sashen insha'i ana ba yaro batutuwa biyar ya ɗauki ɗaya, a ce kada rubutunsa ya gaza kalma 450, a kuma shawarce shi ya kashe minti 50 a kai. Yana iya zama wasiƙa zuwa ga hukuma ko ga ɗan uwa, ko maƙala ta jarida, ko jawabi, ko muhawara, ko labari.

To ku yi lissafin da ni. Ka cire minti biyar na zaɓe da tsara abin da za ka faɗa, ka cire biyar na dubawa a ƙarshe, saura 40. Kalma 450 cikin minti 40, kusan kalma 11 ke nan zuwa 12 kowane minti, ba tsayawa, cikin harshen da yaro ba ya yi a gida, ba ya yi a kasuwa, wani lokaci ko a aji ba ya yi. Hannun da bai saba ba tun a shafin farko yake sanƙarewa. Wanga aiki na sabo ne, kamar huɗa. Ba wanda ke koyon riƙon garma ranar gayya.

Shi ma makin hamsin ɗin ba a dunƙule ake ba da shi ba. Goma na abin da ka faɗa ne, ko ya amsa tambayar. Goma na tsari: sakin layi, farawa da rufewa, da siffar da irin rubutun ke buƙata. Ashirin na iya sarrafa harshe. Goma na ƙarshe na tsabtar rubutu ne, kuma nan ne ake yi muna yankan ƙauna: kowane kuskure na nahawu, ko na harafi, ko na aya da waƙafi, rabin maki ne. Kuskure 20 kawai, goman nan ta tafi. Yaronmu da ke rubuta "f" inda ake son "p", ya fara jimla da ƙaramin baƙi, ya rubuta "u" a madadin "you" don ya saba da WhatsApp, ya fara labari da lokacin da ya wuce ya ƙare da na yanzu, kafin ya kai rabin shafi ya cinye goman. Kuma duk waɗannan kurakurai ne da ake gyarawa. Sai dai ba su gyaruwa sai wani ya zagaye su da jan biro ya nuna wa yaro, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai laifin malamai ne. A yi adalci. A ce malamin Turanci na da ɗalibai 90 a aji shida, kowane insha'i ya ɗauke shi minti biyar kawai. Awa bakwai da rabi ke nan a kan aiki guda, ban da sauran azuzuwan da yake shiga, ban da gonarsa da iyalinsa. Shi ya sa ake cika allo da bayanin yadda ake rubuta wasiƙa, yara su kwafe, a wuce. Yaro ya haddace cewa wasiƙar hukuma na da adireshi biyu da take, tana ƙarewa da "Yours faithfully" da sa hannu da cikakken suna, amma bai taɓa rubuta guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Sannan mu tuna ko su wane ne yaran nan. Waɗanda ke manyan azuzuwan sakandare yanzu su ne korona ta zaunar gida a 2020, suna ƙarshen firamare ko farkon ƙaramar sakandare. Ba su gama farfaɗowa ba 2021 ta zo. A watan Fabrairu aka kwashi 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, aka rufe makarantun jiha gaba ɗaya, sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu. Duk ƙananan hukumomin nan uku babu wadda abin bai taɓa ba. Shekarun da ya kamata yaro ya koyi gina jimla su ne ya yi a gida. Amma mai duba takarda bai san Kaya ba, bai san Jangebe ba. Lamba yake gani, da ma'auni ɗaya da yake auna ɗan Legas.

Kuma Turancin ba ya kaucewa. Ko a 2025 da gwamnatin tarayya ta sassauta sharaɗin Lissafi ga masu neman shiga fannin adabi da makamantansa, ba ta taɓa Turanci ba a shiga jami'a. In babu kiredit, wato C6 zuwa sama, to ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko jami'ar jiha da ke nan Mafara, sai dai yaro ya hango gini daga titi.

Yanzu in zo kan abin da ba mu son a faɗa. Da yawa cikinmu mun sallama cewa maganin Turanci shi ne satar amsa. A tara kuɗi, a kai yaro wata cibiya can cikin lungu, a rubuta a allo ya kwafe. Wasunmu har alfahari suke yi cewa sun "taimaki" yara ta wannan hanya. Ban da haramcinsa, abin ma ba ya biya. Insha'i ba tambayar zaɓi ba ce. In yara arba'in sunka rubuta wasiƙa iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya, makaho ma ya gane, kuma sakamakon cibiya gaba ɗaya ake riƙewa, har da na yaron da ya yi da guminsa. Ku tuna ran 28 ga Mayun 2025, da WAEC ta jinkirta takardar Turanci saboda maganar fitar tambayoyi, yara a jihohi da dama sunka yi rubutu cikin dare da tocila da fitilar waya. Masu sayar da amsa ne sunka jawo, yaran da ba su ji ba ba su gani ba sunka sha wahalar. Ku ɗauka irin wannan dare ya riski yarinya a ƙauyen Maradun, ta ina za ta koma gida? Wanda kuma ya tsallake da amsar wani, mun gan su a Abdu Gusau: ga kiredit a takarda, ga shi ba ya iya rubuta wa shugaban sashe takardar neman uzuri.

Ita ma haddar insha'i ba ta fisshe kowa. Yaro ya haddace labari guda ya shiga da shi, tambaya ta zo daban, ya juye abin da ya haddace. Rubutun da bai amsa tambaya ba, komai kyan Turancinsa, asara ne.

Abin da nike ba da shawara ba sabon abu ba ne, kuma ba ya buƙatar kwangila. Mazaɓu 31 gare mu: 11 a Talata Mafara, 10 a Bakura, 10 a Maradun. Babu mazaɓar da za a rasa mutum biyar masu difloma ko NCE ko digiri da ke zaune ba aiki, kuma da yawansu suna cikin wanga shafi suna karanta ni yanzu. Kowace Asabar da safe, da izinin shugaban makaranta, a buɗe aji guda. A rataya agogon bango. A rubuta batutuwa biyar a allo. Minti 50, a karɓe takarda ko an gama ko ba a gama ba. Kada a ji tausayi a ƙara minti biyar, don ranar ba wanda zai ƙara. Masu dubawa su raba takardun, kowa goma ko goma sha biyar, su duba da ma'aunin nan na goma, goma, ashirin, goma, malamin Turanci na makarantar ya zama shi ne jagora, don shi ya san aikin. Asabar ta gaba a mayar wa kowa takardarsa, ya sake rubuta sakin layin da ya fi yawan jan biro kafin a shiga sabon batu. In an yi wata guda ana haka, sai a fara haɗa takardar gaba ɗaya, awa biyu, don yaro ya koyi barin insha'i in lokacinsa ya cika ya tafi ga taƙaitawa. Makinta 30 ne, kuma ita ce kullum ake bari a baya.

Batutuwan kuma a ɗauko su daga inda yaran suke. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan rijiyar burtsatse da ta lalace. Maƙala kan abin da noman rani na Bakolori ke yi wa matasa. Muhawara kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, wadda ɗiyanmu sun fi kowa sanin ta a jikinsu. Bayanin kasuwar Mafara ranar Talata. Yaron da ya san abin da zai faɗa ya rage rabin wahala, saura neman kalma. Ni ban ga laifi ba ma in ya tsara dalilansa uku ko huɗu da Hausa a zuciyarsa kafin ya fara. Abin da za a hana shi shi ne doguwar jimla da manyan kalmomin burga da bai san ma'anarsu ba. Gajerar jimla mai lafiya ta fi kawo maki. A kuma sa kowane yaro ya ƙirga kalmomin da yake rubutawa a layi ɗaya. In tara ne, to layi 50 yake nema, ya huta da ƙirge-ƙirge a ɗakin jarrabawa.

'Yan mata su samu ajinsu da mata masu duba masu, don kada iyaye su hana. A tashi kafin azahar. Inda hanya ba ta da kyau kada a tara yara daga nesa. Gara mai dubawa ya karɓi takardu ta hannun malami ya maido.

Sharaɗi guda nike roƙo, kuma na san zai yi wa wasu ɗaci: ba hula, ba fosta, ba hoton ɗan takara a ajin nan. Kada a tambayi yaro gidansu wace jam'iyya suke yi. Ranar da aka mayar da abin nan na ɗaukar hoto a watsa a Facebook, rabin iyaye za su janye ɗiyansu, shugabannin makarantu kuma su ji tsoron ba mu aji. Manyanmu da ke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, Allah Ya saka masu da alheri, amma biyan kuɗi kujera kawai yake saya wa yaro a ɗakin. Yankin da ya fitar da gwamnoni uku, ɗaya daga Bakura, ɗaya daga Mafara, ɗaya daga Maradun, bai kamata a ce ya gaza sayen rim ɗin takarda da kwalin jan biro ba. In manya sun kawo, mun gode. In ba su kawo ba, abin da muke zuba wa data a mako ɗaya ya isa.

Ni zan fara da mazaɓata Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu, da ƙarfe tara. Na riga na yi magana da malamin Turanci guda da abokai huɗu. Shugabannin matasa na sauran mazaɓu, kowa ya je ya gaida shugaban makarantar da ke kusa da shi cikin makon nan, ya nemi aji da sunayen 'yan aji shida. Mai tsoffin takardun tambayoyin WAEC ko NECO a gida ya kakkaɓe su ya kawo. Wanda ke da agogon bango da ba ya amfani da shi, muna so, batir ɗin ni zan saya.