Cinikin Biri a Sama: Masu Sayen Mako Guda a Bakin Teku

Yau zan ɗan jingine zancen littattafai in taɓa wani sabon yayi da ya fara ratsa gidajen masu hali da masu neman a ce suna da hali a garin nan namu na Kaduna, musamman wajen Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki. Na san wasu za su ji haushina, to amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yayin shi ne abin da Turawa ke kira taimshiya, ni kuwa na raɗa masa suna sayen mako. Ga yadda abin yake. Kamfani ya gina katafaren masauki a bakin teku, a Dubai ko Gambiya ko Afirka ta Kudu ko Sifen, sai ya ɗauki ɗaki guda ya yanka shekararsa gida 52, wato mako-mako, ya sayar wa kowa da makonsa. Ka biya dunƙulen kuɗi tun farko, sannan duk shekara ka biya kuɗin kula da gini, a ce maka kai ma yanzu kana da gida a bakin teku. Tallar tana zuwa ne ta WhatsApp da Instagram, ga hoton yashi fari fat da ruwa shuɗi da bishiyar kwakwa, wani lokaci kuma a gayyato maigida da uwargida wata liyafa a otal, a cika su da lemo da kaza, a yi musu alkawarin kwana uku kyauta in sun sa hannu a ranar.

Ni dai ra'ayina a fili yake, ba zan ɓoye ba: ga mutumin Kaduna mai samun kuɗinsa da naira, wannan ciniki asara ce da aka yi wa kwalliya. Bari in kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya yi alƙalanci.

Da farko a duba inda abin ya samo asali. A Turai aka ƙirƙiro shi a shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, yana cikin na farko-farko. Daga nan ya tsallaka Amurka, inda aka kafa kamfanin RCI a 1974 domin masu mako su riƙa musanya makonsu da na wani wuri. Mutanen da aka yi wa tsarin suna da hutun aiki tabbatacce duk shekara, albashinsu da kuɗin da za su biya duk kuɗin ƙasa ɗaya ne, kuma da yawansu mota kawai za su shiga su isa bakin ruwan. Duk da haka sai da kuka ya yi yawa har Tarayyar Turai ta yi doka a 1994, ta sake ƙarfafa ta a 2008, inda ta ba mai saye kwana 14 ya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma hana a karɓi ko kwabo daga hannunsa a cikin waɗannan kwanaki. A Sifen dokar 1998 ta ƙayyade cewa yarjejeniyar kada ta wuce shekara 50, kuma a 2015 kotun ƙolin ƙasar ta rushe irin yarjejeniyar da aka rubuta wai har abada. To jama'a, hajar da masu ita ma sai da suka kewaye ta da irin wannan shinge, mu da muke sa hannu daga falonmu a Badarawa wace kotu za mu je in abu ya ɓaci? Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu, kuma wannan shi ne babban ramin, kuɗin kula da gini. Dillali zai yi ta nanata maka farashin farko da rangwamen da ya yi maka, amma wannan kuɗin na shekara-shekara sai ya faɗe shi da sauri kamar mai tsoron a ji. A Amurka, matsakaicin abin da mai mako guda ke biya duk shekara ya haura dala 1,000, kuma hawa yake yi, ba ya sauka. Ko ka je ko ba ka je ba sai ka biya. Yanzu mu mayar da shi kuɗinmu. A 2015 dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati, wato dala 1,000 ba ta kai naira 200,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, a 2024 dala ta haura naira 1,500, wato wannan dala 1,000 ɗin ta koma sama da naira miliyan ɗaya da rabi. Ɗakin bai ƙara faɗi ba, makon bai zama mako biyu ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau bakwai. A shekarar nan ta 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Ke nan kuɗin share ɗakin da za ka kwana bakwai a ciki ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara ɗaya da rabi. Duk ɗan kasuwar da ke Kasuwar Shehu Abubakar Gumi ya san hatsarin cin bashi da dala a sayar da naira, amma sai ga shi an shigo masa da bashin ta ƙofar shaƙatawa bai gane shi ba.

Na uku, hanyar zuwa. Kaduna ba ta da teku. Tsakaninmu da Legas ma akwai sama da kilomita 700. Kafin ka taka yashin nan da ka saya sai ka nemi biza, ka sayi tikitin jirgi na kanka da na iyali, kuma babu ɗaya daga ciki da ke hannunka. Mun ga 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe filayen jiragen sama na ƙasar nan ga tafiye-tafiyen ƙetare tun daga Maris har Satumba. Mun ga yadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024. Wanda ya sayi mako a Dubai a wancan lokaci, sai dai ya buɗe waya ya kalli hoton ɗakinsa. Shi ma bakin tekun ba ya da tabbas. Tsofaffin da suka san Legas sun san Bar Beach, yau an cike wurin da yashi an kafa unguwar Eko Atlantic. A Afrilun 2024 kuma aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawa na Landmark domin aikin titin Legas zuwa Kalaba. Wanda ya kama haya na kwana biyar sai ya ɗauki jakarsa ya canza wuri, wanda ya ɗaure kansa shekara 30 fa?

Na huɗu, kalandarmu ba irin tasu ba ce. Makon da ake sayarwa da lissafin watan Bature yake, mu kuwa hutun da ke tara iyali shi ne Sallah, ita kuma tana ja da baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. Makon da ka saya bana yana iya faɗawa tsakiyar azumi nan da 'yan shekaru. In ka ce sai dogon hutun 'yan makaranta na Agusta, to a gaɓar Gambiya lokacin damina ce tsamo-tsamo. Za a ce maka ai akwai musanya. Gaskiya ne akwai, amma da kuɗin rajista da kuɗin musanya, kuma makon da kowa ke so shi ne wanda ba ya samuwa.

Na biyar, gado. Dillalai suna son wannan kalma, su ce abin da za ka bar wa 'ya'yanka ne. Mu yi wa juna adalci. Mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, alƙali zai raba kwana bakwai a ɗaki guda tsakaninsu, a fitar da tumunin takaba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu? Sai dai a sayar. A nan kuma ake gane gaskiya, domin kasuwar sayar da tsohon mako matacciya ce. A Amurka da Ingila akwai masu tallata makonsu a intanet a kan dala ɗaya, ko ma kyauta, don dai su rabu da kuɗin shekara, har wasu 'yan damfara suka buɗe sana'ar karɓar kuɗi da sunan za su fitar da mutum daga yarjejeniyar. Fili a Rigachikun ko Hayin Banki in ka bar shi yana nan, in ka matsu ka sami mai saye kafin la'asar. Abin da sai ka roƙi mutane su karɓa, wannan kaya ne aka ɗora wa marayu.

Na san abin da za a mayar mini. Wani zai ce malam, kai maƙiyin hutu ne. Ko kusa. Jiki yana da haƙƙi, iyali suna da haƙƙi, wanda Allah Ya hore masa ya kai 'ya'yansa su ga teku, su ga ikon Allah, ba wanda ya isa ya hana shi. Wani kuma zai ce ai malamai sun halatta. Haka ne, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan ciniki a zamanta na Maleshiya a 2007, ta ce ya halatta bisa sharuɗɗa, ciki har da a san ainihin abin da aka saya da lokacinsa. Har a Makka an sayar da haƙƙin zama irin wannan a benen Zamzam da ke daf da Harami. To amma halaccin ciniki daban, ribarsa daban. Ya halatta ka sayi raƙumi kana zaune a ɗaki ciki da falo a Kawo, sai dai ba wanda zai ce ka yi dabara. Kuma ɗaki a gaban Ka'aba, inda mutane ke tururuwa dare da rana, ba a haɗa shi da ɗaki a wani tsibirin da sai an nuna maka a taswira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, akasarin masu faɗawa wannan rami ba tekun ne ya dame su ba, a dai ji a gidan biki cewa su Hajiya suna da gida a waje. Wanda ya hau motar kwaɗayi kuwa an san tashar da zai sauka. Kuɗin da za a kwasa a kai wa wani kamfani a ƙetare, ga namu wuraren nan suna mutuwa a gaban idonmu. Otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin FESTAC na 1977 ya yi shekaru a yashe har aka rushe shi a Janairun 2020. Ga Ƙofar Gamji a bakin Kogin Kaduna, inda gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take. Ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari ta jihar Bauchi. Na yarda matsalar tsaro ta sa mutane ɗari-ɗari da wasu hanyoyi, ba wanda ya manta harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022. Wannan dalili ne na mu matsa wa hukuma ta gyara hanya da wuraren, domin in masu hali duka suka juya baya, wa zai yi magana a ji?

Shawarata ga wanda aka gayyata irin wannan liyafa: ka ci kazarka, ka sha lemonka, amma kada ka sa hannu a ranar. Duk cinikin da aka ce rangwamensa zai ƙare kafin ka fita ƙofa, akwai lauje cikin naɗi. Ka karɓi takardar ka kai wa lauya. Ka tambaya nawa ne kuɗin shekara, da wane kuɗi ake biya, wa ke da ikon ƙara shi, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, dokar wace ƙasa ke hukunci a kanta, kuma ta wace ƙofa ake fita. Sannan ka haɗa kuɗin farko da na shekara goma, ka raba da kwana 70 da za ka yi a ciki, ka kwatanta da kuɗin otal na wannan gari. In dillalin ya fara kame-kame a tambaya ta biyu, ka riga ka sami amsarka.

Mai son ganin teku ya tara kuɗinsa, shekarar da ya samu ya je ya kama ɗaki ya biya na kwanakinsa ya dawo gida ba bashin kowa a wuyansa, shekarar da bai samu ba ya kai yara Gamji su sha iska. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya raba mu da cinikin da-na-sani, Ya sa albarka a cikin abin da muka samu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.