Sankarar Hanta: Wuƙar Likita Ba Ta Ceton Wanda Ya Makara

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, labarin guda ne. Magidanci mai ƙarfi a jika yakan fara ramewa, cikinsa ya kumbura, idanunsa su yi ɗorawa. A ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe. A ce sammu ne, a sayar da akuya. Ranar da za a kai shi babbar asibiti, likita ya duba hoto ya girgiza kai. Sau da yawa cutar ita ce sankarar da ke tsirowa daga cikin hanta, kuma wanda ta kayar shi ne ginshiƙin gida.

Alhali kuwa cutar tana da magani idan an cim mata da wuri, kuma babban maganin shi ne fiɗa. Hanta tana da wata baiwa: in aka yanke sashenta, ragowar takan sake girma cikin makonni. Likita na iya cire kusan kashi biyu cikin uku na lafiyayyar hanta, mutum ya rayu. Idan kuwa hantar ta riga ta ƙanƙance da tabo, sai dashen wata, aikin da Thomas Starzl ya fara gwadawa a Amurka a 1963. Dashen ma yana da sharaɗi tun ƙa'idar Milan ta 1996: ƙari guda da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari uku da kowanensu bai wuce santimita 3 ba. Ƙari mai wannan girma ba ya ciwo, ba ya kumbura ciki. Awo kaɗai ke tona shi.

A nan gizo ke saƙa. Wani bincike da aka buga a 2017 kan marasa lafiya a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Gana, ya nuna cewa in aka ware Masar, kashi 3 cikin 100 ne kacal suka samu magani na musamman, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan gano cutar. Babu dalilin zaton talakan Nijar ya fi su sa'a.

Tushen cutar sananne ne. Na farko ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda yaro kan ɗauka wajen haihuwa ko cikin ƙuruciya, ta kwanta shiru shekaru talatin. Na biyu gubar aflatoksin, wadda ke fitowa daga rumar da ke kama gujiya da masara in an adana su da danshi. Idan biyun suka haɗu a jiki guda, hatsarin yakan ninka.

An yi wani abu, ba a musu. A 2008 rigakafin ciwon hanta ya shiga cikin alluran jarirai, kuma Yamai ta samu cibiyar yaƙi da sankara. Amma waɗanda aka haifa kafin 2008 su ne manoma da malaman makaranta da sojojin yau, kuma allurar ba ta riske su ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na kaki, al'adar ba ta sake ba: babba ya yi rashin lafiya a ɗora shi jirgi zuwa Maroko ko Faransa, talaka kuwa a ce ya koma gida a yi ta addu'a. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Ina aka kwana?

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙasa ba. A sauƙaƙa gwajin jini a kowace gunduma. Wanda aka samu da ƙwayar a ba shi magani irin su tenofobir idan ya cancanta, a riƙa yi masa hoton ciki kowane wata shida. Kowane jariri ya samu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A horar da likitocin fiɗar hanta, a tanadar masu jini da ɗakin farfaɗowa a manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram. Malaman gona su shiga karkara kan batun busar da amfani kafin a zuba rumbu.

Kuɗin jirgin mutum guda zai auna jinin ƙauyuka. Masu riƙe da baitulmali ne za su zaɓi wanda ran ɗan ƙasa ya cancanta.