Ku ƙyale ƴan hanya da parabol ɗinsu

Akwai wata dariya da ƴan jami'a ke yi wadda ta ishe ni. Da an ga kamyo ya kama hanyar Tanut, an ɗaure parabol bisa kaya tare da pano da batir, sai ka ji: "Dubi ƙauyanci, mutum ba shi da wurin kwana amma yana da Canal+." Masu faɗin haka su ne dai ke cika gidajen kallo na Zango duk ranar da Barça za ta kara da Real. Haba ƴan'uwa!

Mu fara da aikin kansa, tunda wai jahilci ne. Tauraron da ke aiko hoton yana can sama, kusan kilomita 36.000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa yake kamar a tsaye wuri guda. Mai gida sau ɗaya yake kiran mai gyara, ya kafa masa faranti a kan soro, shi ke nan. Ɗan hanya kuwa duk inda aka yada zango sai ya sake nemo tauraron. Ya kafa ƙafar faranti cikin rairayi, ya danne da duwatsu ko tsohuwar taya, ya matsa shi kaɗan-kaɗan, yaron mota na gaban tele yana kallon dekodar yana ihu: "Ya hau! Ya sauka! Tsaya nan!" Kuskuren ɗan yatsa ɗaya, hoto ya tafi. Iskar hunturu ta kaɗa, a sake daga farko. Ga lissafin batir, don kar wuta ta ƙare ana tsakiyar labarai. Mu da muka haddace kusurwa a lakkwal, mu nawa za mu iya?

Sai a ce almubazzaranci ne. To, mutumin da ya bar iyalinsa ya nufi Agadas, tafiyar fiye da kilomita 400, ko ya wuce Jado inda aka gano zinariya a 2014, ya yi watanni inda babu rezo, da me kuke so ya san halin da ƙasa ke ciki? A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, mu masu jiran kuran muka zauna cikin duhu, masu pano suka ci gaba da kallonsu. Abin ma ba baƙo ba ne: tun 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta tele, daga baya har da akwatunan da ke aiki da hasken rana a ƙauyuka. Wancan ana kiransa ci gaba, na direba kuma ƙauyanci?

Ni in zan yi faɗa, da abin da ke cikin akwatin zan yi. Direba ya sha wahala ya kamo tasha ɗari, ya ga ƙwallon Ingila, ya ga finafinan Kano a Arewa24, amma da wuya ya samu mai gaya masa, da Hausar Damagaram, yadda hanya take tsakanin Tanut da Adarbisanat, ko nawa tiyar hatsi take yau a kasuwar Dole. Masu iya haɗa wannan shirin suna nan Jami'ar André Salifou, riƙe da wayoyi masu kamara, suna ɗaukar hoton kamyon da ke wucewa don su yi dariya a WhatsApp.