Darasin Kwamfuta: Mu Leƙa Ƙarƙashin Shafi

A wannan wata za mu duba fayil irin na XML, wanda aka tsayar da ƙa'idojinsa a 1998. Manhajar tsara shafin intanet, kamar Dreamweaver, takan nuna mana fuskar shafi, ta ɓoye alamomin da ke ƙarƙashi. To, XML ba shi da afuwa irin ta HTML. Duk alamar da muka buɗe tilas mu rufe ta, kuma babban harafi daban, ƙarami daban. In an manta ɗaya, kwamfuta sai ta ƙi karanta fayil ɗin. Saboda haka mu riƙa leƙa ɓangaren alamomi, mu kuma adana aikinmu da tsarin UTF-8, kada "ƙasa" ta koma "?asa" a gaban yaranmu masu koyon Hausa. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.