Wanda ya koya da kansa, da me ya koya?

Ƴan uwa matasa, akwai maganar da ta cika fadodinmu daga Tasawa har Mayahi: "Lakwal ɓata lokaci ce, ga masu diplom can suna kabu-kabu." Ba zan ce ƙarya ce zalla ba. Cikin waɗanda muka gama jami'a tare akwai masu jiran aiki har yau, alhali yaron da ya koyi gyaran salula a bakin tasha yana ci da kansa, har ya aika wa iyaye.

Koyo da kai ba abin rainawa ba ne. Tun wajen 1983 manoman jihar Maradi suka kama sassaben zamani, suna barin kututture ya toho a gona, maƙwabci na koya wa maƙwabci, har kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itace a Nijar. Matan Gulbin Kaba ma ba a aji suka koyi saƙar tabarma ba.

Amma mai gyaran salular nan, da me yake neman bidiyo a YouTube? Da ɗan karatun da ya samu kafin ya bar CM2. Wanda bai iya karatu ba, wani ke duba masa takardar gona, wani ke karanta masa saƙon kuɗi, wani ke faɗa masa awon maganin ƙwari, kuma duk abin da aka ce masa shi ke nan. Haka nan babu wanda zai miƙa ɗansa ga likitan da ya koyi aiki a waya.

Abin da ke damuna, ƙannenmu suna saurarenmu. In muka zagi lakwal wajen shan shayi, gobe yaro ya aje littafi ya nufi Jado ko Libiya, yarinya kuma a ce zamanta a aji ba amfani, a aurar da ita.

Mu juya faɗan inda ya dace. Mu nemi a zuba kayan aiki a cibiyoyin koyon sana'a na CFM, a kuma buɗe wa masu sana'ar hannu jarabawar da za ta ba su takardar shaida. Mu masu diplom mu zauna gaban masu sana'a mu koya, babu kunya a ciki.

Kafin Oktoba, kowa ya duba gidansu. In akwai ƙane ko ƙanwa da ke shirin barin aji, a zauna da iyaye tun yanzu.