A Kawo Mana Intanet Maras Waya Inda Muke Karatu

Duk wanda ya koyi Hausa a aji, ba a gindin murhun mahaifiyarsa ba, ya san irin kunyar da ake sha. Ni dai da Yarabanci na tashi, kuma a rubutunmu ana ɗora wa wasali alamar karin sauti, da ka ga kalma ka san yadda za ka furta ta. Da na fara Hausa sai na tarar ba haka abin yake ba. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mazauni da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Ranar da na je Sabo sayen garin masara na gajarta wasalin, sai mai shago ya kwashe da dariya, ya ce, "Samari, gari guda za ka saya? Nawa ka zo da su?"

Maganin wannan ciwo shi ne saurare, kullum, safe da yamma. To, mu da muke karatu nesa da Kano da Katsina, a ina za mu sami bakin da za mu riƙa saurara? A ganina hanya mafi sauƙi ita ce makaranta ta wadata mu da intanet maras waya, wanda aka fi sani da Wi-Fi.

Ga wanda bai san yadda yake aiki ba, wata ƙaramar na'ura ce ake maƙalawa a bango. Tana karɓar intanet ta waya guda, sannan ta watsa shi a iska kamar tashar rediyo, duk mai wayar hannu ko kwamfuta da ke kusa ya kama. A 1997 aka fitar da ƙa'idojinsa na farko, a 1999 aka raɗa masa wannan suna. Sai dai ba ya cin dogon zango, kuma bangon kankare yana rage masa ƙarfi, shi ya sa wurin da aka kafa shi yake da muhimmanci ƙwarai.

Ya kai mai karatu, duba abin da zai shigo aljihunka. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, yana ajiye shirye-shiryensa a intanet, haka DW da RFI. A akwatin rediyo magana in ta wuce ta wuce, amma a nan kana iya mayar da jimla baya sau goma har kunnenka ya rarrabe hawa da saukar murya. Ga jaridar Aminiya don koyon Hausar labarai. Ga ƙamusun Bargery na 1934, mai shafi fiye da dubu, wanda a laburare kwafi ɗaya muke layi a kansa kuma ba a ba da aronsa. An daɗe da sanya shi a intanet. Ni kaina ban iya furta ƙ da ts yadda ya kamata ba sai da na yi mako biyu ina kwaikwayon mai karanta labaran safe.

Wani zai ce ai kowa na da waya, ya sayi data mana. Wanda ya faɗi haka bai riƙe kuɗin abincin ɗalibi ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma murya da bidiyo, waɗanda su ne abincin mai koyon harshe, sun fi komai cinye data. Ɗakin kwamfuta kuwa kujerunsa ƙidayayyu ne, ana rufe shi da la'asar, daidai lokacin da muka fito daga lacca. Ja masa sababbin wayoyi ma sai an fasa bango an kashe kuɗi masu yawa.

Akwai malaman da ke tsoron cewa za mu ɓata lokaci a Facebook da TikTok. Gaskiya suna da hujja, don na sha ganin hakan, har a kaina. Amma mai kula da na'urar yana iya toshe wasu shafuka a lokacin darasi, ko ya ƙayyade wa kowane ɗalibi rabonsa na yini. Matsalar wuta ma ba ta kai a fasa ba, domin na'urar ba ta da ci. Ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake kafa ta. Sau da yawa a ofisoshin manya ake sa ta, sai ka ga ɗalibai sun yi cincirindo a jikin taga da dare, sauro na cizo, suna farautar sigina. Roƙona ga shugaban sashe da ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa shi ne a nemo mana guda uku: ɗaya a barandar azuzuwanmu, ɗaya a gindin bishiyar da muke bita, ɗaya a ɗakunan kwana. Lambar sirrin kuma a manna ta a allon sanarwa, kada ta zauna a aljihun mutum guda.