Filin Mata: Kalmar "Esenshal"

 Yau zancenmu a kan wata kalmar Turanci ne, watau esenshal. Ainihin ma'anarta, abin da ba makawa sai da shi, kamar ruwa da gishiri. Amma a bakin mutanenmu ta juya.

Ga dalili. A 1982 kuɗin man fetur ya ragu, gwamnatin Shehu Shagari ta taƙaita shigowa da kaya daga waje. Ko da soja suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983, madarar gwangwani da sukari da shinkafa da sabulu sun yi wuya. Hukuma ta kira su kayan esenshal. A 1984 akan bi layi tun da asuba, wata ta sami sabulu ɗaya, wata ta komo hannu wofi. Daga nan abin da ya gagara samu, sai a ce ya zama esenshal.

To, 'yan makaranta, ku kula. In malama ta tambaya, ku ce "na dole", kada ku ce "mai wuyar samu".

Ke kuma uwargida, kafin ki ci bashi don kayan kanti, tambayi kanki: in babu shi, za a kwana da yunwa? Gero a rumbu, da man gyaɗa, da daddawa, da sabulun salo, su ne na dole, kuma ba a bi musu layi ba. Ki fara tanadinsu tun da kaka.

Allah ya ba mu wadata. Sai mako mai zuwa.